Rabon 'Yar'uwa

Talata, 21 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma bai yi kuka ba.

Malama Iuni ta ofishin kare daji a Apia, babban birninmu, ce ta ba ni wannan littafin, don in riƙa rubuta ranar da na ji kukan tsuntsun manumea da inda na ji shi. Tunda babu abin rubutawa, bari in rubuta wani abu, kada takarda ta yi ta kallona.

Na hau tudu tun da duku-duku, na zauna gindin itacen maota inda na saba, rikoda a cinya, sauro suka yi bikinsu a ƙafafuna. 'Ya'yan itacen sun nuna har suna fashewa, ga su nan birjik a ƙasa, amma ban ga ko ɗaya da aka yanka da bakin nan nasa mai haƙora ba. Hasbiyoyin da suke cika min kunne su ma babu su. Tun Asabar ɗin bikin naɗin Yaya Mino dajin ya yi tsit.

Wataƙila hayaniyar ce ta kore shi. Ganguna, bas biyu na baƙi, ihun aladu. Ni ma da ina da fiffike da na gudu.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Iuni ta bugo. "Moelagi, yaya mutuminmu?" Na ce yana nan.

Ta ce ranar goma ga watan gobe za ta zo da Turawa biyu masana, da kyamarori. "Shekara huɗu kina aiko mana da murya, su kuma suna ta cewa ƙila hasbiya ce kawai, wai kukan ya yi kama. To wannan karon za su gani da idonsu, su rufe mana baki." Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Manumea, tsuntsun da ke jikin takardar kuɗi ta tala ashirin, kowa na yawo da shi a aljihu, amma tambayi duk ƙauyen nan wa ya taɓa ganinsa da rai. Ni sau biyu. Kai baƙi-baƙi mai ɗaukar ido, baya ja kamar ƙasar tukwane, da ƙaton jan bakin nan mai lanƙwasa. A karo na biyu Yaya Mino na kusa da ni. Mutumin da babu maharbin hasbiya kamarsa a wannan gaɓar, sai da ya cire hula. A ranar ya dafa kabarin Baba da ke ƙofar gida ya ce ya ajiye bindiga, ya rataye ta a rufin ɗaki. Shi ya bi dattawa gida-gida har majalisa ta haramta harbi daga rafi zuwa sama. Ni na nuna masa itacen. Ni na koya masa bambancin kukan, tunda shi ya iya kwaikwayon hasbiya da tafin hannu: na manumea ya fi zurfi, kuma yana jinkiri kafin ya maimaita.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan kamar mai ba da shaida ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan addu'ar yamma

Yanzu ba a ce masa Mino. An naɗa masa sarautar gidanmu, sai da sunan sarauta ake kiransa, har Inna. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Littafina ne.

Bikin ne yake ta dawo min. Tun ana saura mako na ji Kawu Saipele, mai magana da yawun gidanmu, yana cewa, "Sarautar da ba a ci hasbiya ranarta ba, ai wasan yara ce." Na ce, "Kawu, ka manta da dokar da kai ka shelanta?" Ya ce, "Ke dai matar tsuntsu ba a iya miki. Daga tsibirin Savai'i surukai za su kawo mana su a cikin ƙanƙara. Ko can ma naki ne?"

Ranar kuwa aka buɗe murhun duwatsu, aka jera ganyen ayaba, kowane babba aka sa masa gwaza da naman alade da hasbiya guda a ƙunshe. Ni na yi niyyar ba zan ci ba. Sai ga Yaya da kansa, da furanni a wuya, da man kwakwa yana ƙyalli a kafaɗa, ya taso daga wurin manya ya durƙusa gabana da ƙunshi a hannu biyu. Mata suka yi ta yaba shi. Inna ta ce, "Kin gani? Sarauta ba ta sa ya manta ba. Abin da ya fi daraja a murhu na 'yar'uwa ne." Idon gari duk yana kaina. Ƙin karɓa a ranar naɗinsa, ai marin fuska ne.

Na ci. Na cinye tas, yana durƙushe yana yi min fifita, bai ɗago ido ba.

Na kowa da kansa aka gasa. Nawa babu kai.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Shiru.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan coci

Fasto ya yi wa'azi a kan rufa wa ɗan'uwa asiri. Ƙila dai karatun mako ne ya faɗo a haka.

Da aka fito, matan da ke ƙarƙashin mangwaro suna ta hira, ina isowa kowa ta tuna tana da tukunya a wuta.

A gida na ɗaga kai na dubi rufi. Bindigar na nan a rataye. Shekara biyu gizo-gizo ya yi gida a bakinta, ina kallonsa kullum idan na kwanta, har na saba da shi. Yau babu yanar, ƙarfen sai sheƙi yake, ga warin mai.

Na ce, "Inna, wa ya taɓa bindiga?"

Ta ce, "Gogewa aka yi saboda baƙi. Ke ba ki share ɗaki ba ranar?"

Ba ta dube ni ba. Tana ta tsaga ganyen saƙa da ɗan ƙarfenta.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Kwanson harsashi ja, an tura su ƙarƙashin saiwar maota. Daidai inda nake zama.

Talata, da yamma

Maharba daga ƙauyen gaba suna iya tsallakowa. Sun taɓa yi.

Amma ba su san itacen ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da rana

Na je kantin Lopati sayen batir. Lopati ba ya iya riƙe magana ko da za a ɗaure masa baki da igiya, shi ya sa na je lokacin da babu kowa.

"Matar tsuntsu, yaya maigidan? Ya ƙi fitowa gaisuwa?"

"Yana nan ya fi naki ladabi," na ce ina kallon matarsa, don tana jin mu. Ta yi dariya. Sai na ce, "Ashe hasbiyoyin Savai'i a firjinka suka kwana? An ce sun iso da sanyinsu."

"Savai'i?" Ya ƙyalƙyale. "In dai Savai'i ta taso ta dawo bayan rafinmu. Da ɗuminsu aka kawo min su ranar Alhamis, jini na ɗiga a buhu, sai da na..."

Matarsa ta ce, "Lopati, ga mai burodi can yana jira." Babu wani mai burodi.

Na biya, na fito, na manta batir ɗin a kan kanta.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Yau ranar duba saƙa ce a zauren mata. Kowace ta shimfiɗa lallausar tabarmarta matar Fasto ta duba. Ta Inna ta fi ta kowa, wannan ba sabon abu ba ne. Shekara guda tana kanta, siririya kamar zane, kuma tun farko ta ce tawa ce.

A bakin tabarma ana jera jan gashin kaza da aka rina. Ta jera. A tsakiyarsu kuma, daidai inda ido zai fara sauka, akwai wasu 'yan gashi da ba rini ba ne. Ja mai duhu, kamar ƙasar tukwane. A gefensu wasu ƙanana baƙi masu ɗaukar ido.

Matar Fasto ta shafa su ta ce, "Kai, wannan kazar a ina aka samo ta?"

Na tashi na fita bayan zaure, na riƙe itacen kwakwa har abin da ke cikina ya fito.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Ban je coci ba. Ban ci abinci ba.

Lahadi, da yamma

Na tambayi Inna. Ban ɗaga murya ba, Allah ya sani.

Ta ce a bayan kicin ta same su, an cusa cikin kwandon ɓawon kwakwa. Na ce, "Kin san na mene ne?"

"Na san na kaza, na san na hasbiya," ta ce. "Wannan na ga ba irin wanda ake zubarwa ba ne."

"Inna, kin sani ke nan."

"To me kike so in yi, Moe? In mayar masa da su ya tashi? Na ce gara su zauna a tabarmarki, su bi ki har kabari, da a ƙone su da shara."

"Kina zaune kusa da ni ranar. Kina kallona ina ci."

Ta ce, "Ɗana ne ranar naɗinsa."

Ni kuma 'yar wa ce? Ban tambaya ba. Na naɗe shimfiɗata na koma tsohon gidan marigayiya Goggo da ke bakin teku. Rufin na yoyo, amma babu bindiga a cikinsa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Na tare Yaya yana dawowa daga majalisa, a kan kabarin Baba, inda ya yi rantsuwar. Yana ganina ya ajiye sandarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe."

"Kada ki ce min haka, Moe."

"To me zan ce? Ai yanzu ba ka da suna."

Ya zauna a gefen simintin. Bai yi musu ba, wannan ne ma ya fi ɓata min rai. Na zo da shirin faɗa, shi kuma ya miƙo min komai a sauƙaƙe. Ya ce Kawu da sauran dattawa sun matsa masa, surukai ba su samo ko ɗaya ba, baƙi daga Apia da ƙasar Niu Sila suna hanya. Suka ce rana ɗaya tak, majalisa za ta kau da kai. Ya ce ya san babu inda hasbiya ta taru kamar maota, tunda shekaru ba a yi harbi ba a wurin.

"Saboda wa ba a yi harbi ba?" na ce.

"Na sani."

Ya ce gari bai gama wayewa ba, a cikin ganye inuwa kawai ake gani. Ya kira da hannu, suka amsa, ya harba. Sai da ya je tsince su ya ga jan bakin.

"Na zauna a wurin har rana ta fito, Moe. Na rasa yadda zan yi da shi. In binne shi, kare ya tono. Na fige shi da kaina, na cire kan, ba wanda ya taɓa shi."

"Sai ka kawo min."

"Ba zan iya barin ya shiga bakin Kawu ba. Ko na wani baƙo da zai ci ya yi gyatsa bai san abin da ya ci ba." Ya ɗago ya dube ni, kuma wallahi da gaske yake. "Babu abin da ya kai shi daraja a murhun nan. Naki ne. Wa zan ba in ba ke ba?"

Na so in mare shi. Ba a taɓa jin 'yar'uwa ta mari ɗan'uwa a gidanmu ba, baki kawai take yi masa, kuma bakin 'yar'uwa kowa na tsoronsa. Na ga yana jira in yi. Ban ba shi wannan ma ba. Na juya na tafi.

Abin da ya fi min ciwo, ba zan faɗa wa kowa ba sai wannan takardar. Ya yi daɗi. Na tuna a ranar har na ce a raina ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da rana

Kawu Saipele ya zo da kansa, da kwandon gwaza da kifi. Ya zauna a bakin ƙofa yana fifita da abin korar ƙudansa na masu magana, ya fara da tarihin kakanni kamar yana gaban majalisa. Na ce, "Kawu, rufin na yoyo, gara ka yi sauri kafin ruwa."

Ya ce to. Idan baƙin nan suka ji, gobe yana jarida. Sunan ƙauye ya ɓaci, yarjejeniyarmu da ofishin kare daji ta rushe, kuma dole majalisa ta hukunta wanda ta naɗa watan jiya, ƙila har kora daga gari. "Kina so uwarki ta ga an fitar da ɗanta da kayansa a bas?"

"Wa zai yanke hukuncin? Waɗanda suka suɗe yatsu?"

"Kowa ya ci, 'yata. Har Fasto." Ya gyara zama. "Har ke."

Sannan ya ce abin da ba zan manta ba. "Daji babba ne. Su zo su yi ta saurare, in ba su ji ba su ce ya yi ƙaura. Tsuntsun da ba wanda ya taɓa gani, wa zai ce ya ɓace?"

Na mayar masa da kwandonsa. Ya bar shi a kan dutse. Karnukan Lopati sun gode.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Na farka na ji gari shiru, ko zakara bai yi cara yadda ya saba ba. Na leƙa. Ga mutum durƙushe a kan tsakuwa gaban gidan, an lulluɓe shi da tabarma tun daga kai har ƙasa. Kawu da mazan gidanmu suna zaune a bayansa, kawuna a sunkuye.

Irin wannan neman gafara dangi ke yi wa wasu dangi idan an zubar da jini. Ban taɓa jin ɗan'uwa ya yi wa 'yar'uwarsa ba, tsofaffi ma sun ce ba su taɓa gani ba. Ba zai tashi ba sai na yaye tabarmar da hannuna.

Kuma da wace tabarma? Duk na gida an rabar da su ranar biki, saura guda ɗaya. Gashin nan ja yana lilo daidai gwiwarsa.

Na koma ciki na dafa shayi. Na wanke kofi. Na share ɗaki sau biyu. Rana ta take, tsakuwar nan in ta yi zafi ko kare ba ya taka ta. Gari ya taru a nesa. Mata suna aiko min da magana ta taga. "Moelagi, ki ji tsoron Allah." "Tsuntsu ne fa." "Za ki kashe yayanki a kan nama?" Inna na zaune gindin kwakwa tana kuka ba sauti.

Da rana ta kai tsaka na fita, ba don in yaye ba, don in ce masa ya tashi ya bar min ƙofa. Na tsaya a kansa, ina jin numfashinsa. Sai ya yi magana daga ƙarƙashin tabarma, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Biyu ne suka tashi, Moe. Ɗaya na samu. Ɗayan ya yi sama wajen dutse."

Na ce, "Kada ka yi min ƙarya a ƙarƙashin wannan."

"Biyu ne."

Shekara huɗu murya ɗaya nake ji. Amma macen ƙila ba ta kuka sosai, ba wanda ya sani. Hannuna ya riga tunanina. Na yaye.

Aka yi ta godiya ga Allah, Kawu ya yi jawabi mai tsawo, aka kawo alade. Gwiwoyinsa sun saɓule, sai da aka riƙe shi. Tabarmar bisa al'ada ta zama tawa. Na naɗe ta na ɗora a kan akwati.

Ban yafe ba. Saye na yi. Na sayi kalma ɗaya: biyu.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na hau har wajen dutse. Shiru.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Shiru.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da yamma

Iuni da Turawanta sun iso. An yi musu maraba a majalisa, an sha ava, abin shan gargajiya na tarbar baƙi, Kawu ya ce tsuntsun nan amana ce daga kakanni, ƙauyenmu zai kare shi da jininsa. Turawan suka yi ta tafi. Iuni ta rungume ni ta ce na rame. Na ce zazzaɓi ne.

Ban faɗa mata ba. Na ce bari in ba wa dajin kwana biyu.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Ya yi kuka.

Ya yi kuka, ya yi kuka. Muna zaune gindin maota mu huɗu, gari na fara haske, sai ga shi daga sama wajen dutse. Mai zurfi, sannan jinkirin nan, sannan ya maimaita. Iuni ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Baturiyar ta rufe baki da hannu. Ni kuwa hawaye kawai, ban ma ɓoye ba.

Yaya bai yi ƙarya ba. Ya Ubangiji, bai yi ƙarya ba.

Na sauko na ci gwaza biyu da madarar kwakwa, na aika wa Inna cewa gobe zan dawo gida.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da rana

Da safen nan ya sake yi, daga wuri ɗaya, kusan lokaci ɗaya. Turawan suna ta murna suna daidaita kyamara. Ni kuma sai na ƙara kasa kunne. Wanda na sani ba ya zama wuri ɗaya kwana biyu. Kuma kafin maimaitawa akwai wani ɗan ja na iska, kaɗan, wanda sai wanda ya taɓa zama kusa da mai shi zai gane.

Na ce musu cikina ya juya. Na bi ta rafi na zagaya ta bayan dutse.

Yaya yana zaune a bayan wani kututture, gwiwoyi a ɗaure da tsumma, ya haɗa tafin hannu a baki, ido a rufe. Na tsaya na saurara har ya gama. Ya iya. Ni na koya masa, ai dole ya iya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Ya kusa faɗuwa.

"Kawu ne ya ce, kafin baƙin su tafi kawai," ya ce. Sai kuma ya ce, "An ce min jiya kin ci abinci, Moe."

"Biyu ne suka tashi?"

Ya dubi hannuwansa.

"Mino. Biyu ne?"

"Na ga kamar wani abu ya gifta."

"Kamar."

"Duhu ne. Zai yiwu. Wallahi zai yiwu."

Jiya na yi kuka a gaban baƙi saboda numfashin yayana. Na gode wa Allah a kan tafin hannunsa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Na warware zaren bakin tabarma da allura, a hankali, don kada in ɓata wa Inna saƙa. Na kai wa Iuni gashin a cikin ganye. Na faɗa mata duka, har da kukan jiya da shekaranjiya, har da abin da aka sa min a ganyen ayaba.

Baturen ya ɗauki ɗaya da ɗan hantsaki ya ɗaga wa haske, ya daɗe yana dubawa, ya ce wani abu. Iuni ta fassara min duk da na ji. Za su kai a gwada, amma ba shi da shakka.

"Ashe gaskiyarki ce tun farko, Moe," ta ce. "Ba hasbiya ba ce."

Shekara huɗu ina jiran wani ya faɗa min wannan.

Ta tambaye ni nawa nake ji a dajin. Na ce ɗaya.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Baƙin sun tafi jiya. Sun bar rikoda biyu a ɗaure a itace, wai ko da hali.

Majalisa ta zauna. Ba su kori Yaya ba. An ci shi tarar aladu da kwalayen kifin gwangwani, kuma waɗanda suka ci tarar su suka zauna suka ci aladun. An ce Kawu ya yi jawabi a kan mutunta doka har wasu sun share hawaye.

Ni ba a ci tarata ba. Kawai dai in na bi hanya, kowa sai ya tuna yana da abin dubawa a ƙasa. Matar Lopati ta miƙo min batir ɗina ta taga ba ta ce uffan ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da sassafe

Inna ta zo tun kafin ƙararrawar coci, da gwaza a ganye. Ta ga tabarmar, ta shafa inda na cire gashin. Ta ce tun ranar Juma'a Yaya ba ya kwana har gari ya waye. Baƙi sun tafi, ba wanda ya aike shi, amma kullum sai ya ɗingisa ya hau dutse. Ya ce sai ɗayan ya amsa masa.

Muna zaune a bakin ƙofa iska ta juyo daga tudu, ta kawo shi. Mai zurfi, jinkiri, sannan maimaici. Daga nan ɗan ja na iskar ba ya isowa. Duk wanda ya ji zai rantse.

Inna ta kama hannuna. "Moe, saurara. Ba tsuntsunki ba ne?"

Na ce, "A'a, Inna. Ɗanki ne."